Injin Ƙyanƙyasa da Sarauniyar Bincike

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ake kira Sarauniyar Bincike. Ita ce ta raɗa wa kanta sunan, abin da ya ɗan rage masa daraja. Amma gaskiya tana da saurin yatsa a kan kwamfuta. Saurin yatsa kuwa, a ganinta, shi ne ilimi.

A ɗakin kimiyya na makarantarsu akwai wani tsohon injin ƙyanƙyasar ƙwai. A da, launinsa fari ne. Yana da murfin gilashi da ɗan allo mai nuna zafi. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa. Takardar bayaninsa kuwa ta ɓata tun kafin a haifi 'yan ajin.

Malamin kimiyya ya jera ƙwan kaji a ciki, don yara su ga yadda ɗan tsako yake fitowa. Ƙanin yarinyar, Auta, ɗan aji ɗaya ne. Ya zaɓi ƙwai guda ya ce nasa ne. Ya sa masa alama da fensir, ya raɗa masa suna Shugaba. Kullum da an tashi hutu sai ya zo ya gaishe shi ta gilashi.

Saura kaɗan ƙwan su ƙyanƙyashe, sai injin ya fara kuka. Ƙit, ƙit, ƙit. Wata jar fitila ta shiga ƙiftawa. Allon ya daina nuna zafi, ya rubuta E7 kawai.

Malam ya zagaya injin, ya sosa ƙeya.

Ya ce, "Ban san abin da yake nufi ba. In injin ya mutu ne, 'yan tsakin ba za su rayu ba. Ƙwan da ya lalace kuwa fashewa yake yi. Warinsa sai ya kore mu daga makarantar nan. Sarauniya, duba mana ko wani ya taɓa cin karo da wannan."

Makarantar tana da ɗan dandalinta na sada zumunta a intanet. A nan ɗalibai da malamai suke tattaunawa. Yarinyar ta buɗe shi, ta rubuta E7 a akwatin bincike. Aka ce mata ba a sami komai ba. Ta sake rubutawa da ƙarin sauri. Amsar ba ta sauya ba.

A waje ƙawayenta sun riga sun fara wasan igiya.

Ta miƙe ta ce, "Malam, na bincika ko'ina. Duk duniya babu wanda ya san wannan matsalar."

"Ko'ina?"

"Ko'ina, Malam."

Duniya dai tana da ɗan faɗi. Amma yarinyar ta gama zagaye ta kafin Malam ya gama goge allo.

Malam ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "To, shi ke nan. Gobe da safe zan kashe shi, mu binne ƙwan a bayan aji."

Labari ya kai wa Auta. Tun daga ƙofar makaranta yake kuka har gida. Aka zuba masa abinci, ya ture kwanon.

Ummansu ma'aikaciyar laburare ce. Ta dawo daga aiki ta tarar da shi kwance a ƙarƙashin tebur.

"Auta, wa ya taɓa min kai?"

"Za a binne Shugaba! Yaya ta ce duk duniya babu maganinsa."

Umma ta juya ta kalli 'yarta. "Ikon Allah. Duk duniya? A ina da ina kika duba?"

"A dandalin makaranta."

"Sai kuma ina?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta gano cewa farcen ƙafarta abin kallo ne.

Umma ta ajiye jakarta ta zauna. "Zo nan. In kika nemi almakashi a ɗakin nan ba ki gani ba, sai ki ce babu almakashi a garin?"

"A'a, Umma. Sai in tambayi maƙwabta."

"To, dandalinku gida ɗaya ne a cikin dubban gidaje. Akwai na masu kiwo, akwai na masu gyaran rediyo, akwai na masu saƙa. Kowanne da mai kula da shi. Suna gaisawa da juna, amma babu mai jin duk hirar da ake yi a sauran. Akwatin bincikenku abin da ya shigo gidanku kawai ya sani."

"Ke nan ƙarya na yi wa Malam?"

"Kin duba wuri ɗaya, kin ce ko'ina. Ke ki sa wa abin suna."

Idon yarinyar ya ciko. Umma ta jawo jakarta. Ta ɗauko kwamfutarta ta buɗe babbar manhajar bincike, wadda take leƙa gidaje da yawa a lokaci guda. Ta tura mata.

"Ni ba zan taɓa ba. Yatsunki sun fi nawa sauri."

Yarinyar ta rubuta E7. Sakamako ya zubo kamar ruwan sama. Akwai motoci, akwai wayoyi, akwai wata hanyar jirgi.

"Umma, sun yi yawa!"

"Ɗazu babu, yanzu sun yi yawa. Ana samun ci gaba. Ƙara sunan injin. Ki sa shi tsakanin alamun zance, don a kawo miki shi daidai yadda kika rubuta."

Ta yi haka. Sakamakon ya ragu. Amma duk 'yan kasuwa ne masu son ta sayi sabon inji.

"Sa alamar ragewa ta lissafi a gaban kalmar sayarwa," in ji Umma. "Sai a kore miki su."

'Yan kasuwa suka ɓace. A can ƙasa sai ga wata tsohuwar hira daga dandalin masu kiwon kaji. Wani mutum ya rubuta cewa nasa injin ma ya yi haka. Ya ce ya buga shi da takalmi ya daina.

Auta ya leƙo daga ƙarƙashin tebur. "Ga takalmina!"

"Koma," in ji Umma. Ta dubi 'yarta. "Kin yarda da shi?"

Yarinyar ta buɗe baki za ta ce e. Sai ta rufe. Ta ce, "Mutum ɗaya ne. Bari in ƙara dubawa."

Ta lura da adireshin dandalin masu kiwon. Umma ta nuna mata yadda ake gaya wa manhajar ta duba cikin wannan adireshi kaɗai. Sai ga wasu hirarrakin. Wata mata ta amsa daga wani dandali dabam, na masu gyaran tsofaffin na'urori. Yarinyar ta bi sawunta har can. Ta karanta a hankali, abin da ba ta saba ba.

Matar ta ce injin bai mutu ba. Yana ci gaba da ɗumama ƙwai. Akwai wani ɗan ƙarfe kusa da fanka mai auna danshin iska. In ƙura ta rufe shi, sai injin ya rikice ya yi ta kuka. A goge shi da busasshen burushi mai laushi. Wasu mutane daga gidaje daban-daban sun ce sun gwada, kuma ya yi. Shi kuwa mai takalmin ya dawo daga baya ya ce injinsa ya tsage.

Washegari yarinyar da Auta suka riga kowa zuwa. Suka tarar da Malam a ɗakin kimiyya da bokiti da ƙaramar fartanya.

"Malam, don Allah a dakata!" in ji ta tana haki. "Jiya ban faɗi gaskiya ba. Dandalinmu kawai na duba, na ce ko'ina. A yi haƙuri."

Malam ya ajiye bokitin. "To, yau ina kika duba?"

Ta gaya masa wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗi abin da aka yi ittifaƙi a kai. Ta ce ba ta da tabbas, amma gwadawa ba za ta cutar da ƙwan ba.

"Ba ki da tabbas," in ji Malam. "Yau na fi yarda da ke."

Ya ɗauko burushin fenti sabo. Ya ɗaga murfin kaɗan, ya goge ɗan ƙarfen, ya rufe da sauri. Injin ya yi ƙit sau ɗaya, kamar mai son ya yi maganar ƙarshe. Jar fitila ta mutu. Lambobin zafi suka dawo, daidai yadda ya kamata.

Auta ya yi tsalle har ya ture bokitin.

Bayan 'yan kwanaki, ana tsakiyar darasin lissafi, aka ji ihu daga ɗakin kimiyya. Ƙwan sun fara ƙyanƙyashewa. Ba duka ne suka ƙyanƙyashe ba, amma mafi yawa sun fito. Shugaba ya fito a jiƙe, gashinsa a manne, wuyansa kamar zare.

Auta ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Malam, anya ba a canza min shi ba?"

Kafin a tashi, ɗan tsakon ya bushe ya zama rawaya sumul. Auta ya karɓe shi.

Da izinin Malam, yarinyar ta rubuta wa matar nan godiya daga dandalin makaranta. Ta bayyana matsalar da maganinta dalla-dalla, ta haɗa da hoton 'yan tsakin. Ta ce wataƙila wata rana wani yaro zai nema, gara ya samu da wuri.

Tun daga ranar ta riƙe darasinta. Rashin ganin abu a wuri ɗaya ba ya nufin babu shi. In za ka yi bincike, ka leƙa wurare da yawa, ka gwada maganar wannan da ta wancan. In kuma aka tambaye ka ina ka duba, ka faɗi iyakar inda ka duba.