Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

La'asar ta yi sakaliya sa'ad da Mansura ta shiga kwalekwale da akwatin ƙanƙara a cinyarta. A ciki akwai kwalaben jinin masunta, daga wani ƙauye bayan Guri da ambaliya ta yanke wa hanya. Binciken kan tsargiya ne: ana son a ga waɗanne ƙwayoyin gado ke farkawa a jini idan cutar ta shiga, waɗanne kuma ke barci. Irin wannan saƙo ba ya jure zafi. In ƙanƙarar ta narke kafin a kai firiza a Haɗeja, aikin shekara guda ya lalace.

Mansura ba ta musun aljanu. Ta dai lura ba su cika zuwa inda ake cike fom ba.

Baba Umara mai fito yana tuƙi da gora. Ciyawar kachalla ta rufe dama da hagu, ta fi mutum tsawo. Warin laka. Kukan kwaɗi.

Sai kwalekwalen ya tsaya cak. Kwaɗin ma suka yi tsit.

"Baba, tudu muka hau?"

Tsohon ya tura gorar har ƙarshe. Ba ta taɓa ƙasa ba.

"'Yata," ya ce ƙasa-ƙasa, "mutum nawa mai unguwa ya tara miki?"

"Arba'in."

"Nawa kika ɗiba?"

Ta tuna na ƙarshen, na arba'in da ɗaya. Dogo ne, rigarsa sharkaf, ya zo bayan jama'a sun tafi salla. Da ya dangwala yatsa a takardar yarda, danshi kawai ya bari. Ita kuwa ba a koya mata korar wanda ya kawo kansa ba.

Ƙwas. Ƙwas. Daga ƙarƙashin katako.

Ruwa ya fara tsattsafowa tsakanin ƙafafunta.

"Ke kika ce mana duk wanda ya fasa, jininsa nasa ne," in ji Baba Umara. "To, ya fasa. Ba shi kayansa."

Ga matsalar: ƙa'idar aiki ta hana rubuta suna a kwalba. Lambobi ne barkatai, takardar da ke fassara su kuwa ta yi gaba da abokin aikinta tun a fiton farko.

"Jefa akwatin duka!" in ji tsohon.

Ta ƙanƙame shi. Ta ɗaga murfin, tana laluben kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

Sanyi. Sanyi.

Ruwa ya kai idon sawu.

Wani hannu ya dafa bakin kwalekwalen. Yatsu dogaye, da fata tsakaninsu. Ya buɗe tafi, ya jira, kamar mai bin layi a asibiti.

Sanyi. Sanyi.

Ɗumi.

Kwalbar tana bugawa kamar jijiya.

Ta ɗora masa a tafi. "Mun gode da haɗin kai," ta ji bakinta ya faɗa.

Hannun ya nutse. Kwalekwalen ya zabura, har Baba Umara ya faɗi zaune, yana ta salati.

Sun isa Haɗeja da ragowar ƙanƙara kamar ɓarin goro. Arba'in ɗin nan duk sun yi kyau. Tun daga ranar Mansura ba ta sa wa kowa allura sai mai unguwa ya faɗi sunan ubansa da kakansa. A rahotonta kuwa layi ɗaya ta rubuta, kuma babu ƙarya a ciki: "Mutum ɗaya ya janye bisa raɗin kansa."