Jan Ƙyallen Jizo na Bakin Gada

A garinmu akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ta iya ɗinki. Ta iya, kuma ta san ta iya. Idan aka yabi ɗinkin wani a gabanta, sai fuskarta ta yi tsami.

A gefen hanyoyin garin akwai mutum-mutumin dutse guda shida. Jizo muke kiransu, masu gadin yara da matafiya. Kowanne da jan ƙyalle a wuyansa, irin wanda ake ɗaura wa jariri don yawu. Babbansu yana bakin gada, inda motar birni take tsayawa.

Bayan an gama dashen shinkafa, Malama Iwase ta ce da 'yan ajin, "Ƙyallayen Jizo sun koɗe. Bana mu za mu ɗinka sababbi."

Yarinyar ta kwana uku tana ɗinka nata. Ya fito tsaf, har da ɗan fure a gefe. Ta riga ta ba kanta Jizo na bakin gada.

Ƙawarta Kotone kuwa ta kawo wani ƙyalle na tsohon yadi. Ɗinkin a karkace, ga wani tabo a tsakiya. Ta raɗa wa Malama wata magana a kunne. Malama ta gyaɗa kai.

"Na Kotone za a ɗaura wa na bakin gada," in ji Malama.

Na yarinyar aka kai wa ƙaramin Jizo mai gutsurarren hanci, can bayan gonar gora. Ba mai bin wannan hanya sai kwaɗi.

Kishi ya cika mata ciki. Bayan 'yan kwanaki, a hanyar gida, ita da Kotone suka wuce ta bakin gada.

"Wannan tsumman?" ta ce a ranta. "Ko goge tebur ba zan yi da shi ba!"

Da suka rabu, ta koma gonar gora ta kunce nata. Ta zo bakin gada, ta duba hagu da dama. Ta cire na Kotone, ta jefa shi a cikin magudanar ruwan shinkafa. Ta ɗaura nata, ta ja baya tana kallo. Ya yi kyau kam. Ta juya da sauri ta nufi gida.

Washegari Kotone ta zo makaranta idanunta a kumbure. Ko abincin rana ba ta taɓa ba.

"Wa ya taɓa ƙyallen bakin gada?" Malama ta tambaya.

Malama ta san ɗinkin kowa. Ta kalli yarinyar sau ɗaya, sannan ta ci gaba da darasi.

A gida, Mama tana dunƙula shinkafa sai ta yi ajiyar zuciya.

"Kin ji abin da aka yi wa su Kotone?" ta ce. "Ƙaninta Shinpei yana asibiti a birni. Ranar Juma'a za a yi masa aiki. Daga rigarsa ta jarirai Kotone ta yanko ƙyallen nan, ta rubuta sunansa a ciki. Kullum in za ta asibiti uwarsu tana kallon ƙyallen ta tagar mota, hankalinta ya ɗan kwanta. Yau ta duba ba ta gani ba. Da kuka ta tafi."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Mama," ta ce a hankali, "ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na jefar da shi. Nawa ya fi kyau, amma aka kai shi wajen kwaɗi."

Mama ta ajiye shinkafar. Ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

"Kin zaci gasar ɗinki ake yi? Sa takalmin ruwanki."

Suka bi magudanar, gona bayan gona. Laka ta kai wa yarinyar gwiwa. Sauro ya yi bikinsa a wuyanta. A gona ta biyar suka tarar da tsoho Genzo yana share ragar da ke tare ciyawa.

"Kaka, ko ka ga wani jan ƙyalle?" yarinyar ta tambaya.

Ya ɗaga wani abu a kan sandarsa. "Wannan? Na ce wane Jizo ne ya zo wanka ya manta kayansa!"

Ƙyallen ya yi baƙi da laka, igiyarsa ɗaya ta tsinke. Yarinyar ta wanke shi sau uku, sannan ta nufi gidan su Kotone. A ƙofa ta sunkuya sosai.

"Ni na jefar. Kishi nake yi da ke. Ki yafe mini."

Kotone ta fizge ƙyallen. "Me na yi miki? Ke da komai kika ɗinka sai an yaba!"

Yarinyar ta ce, "Bari in gyara miki igiyar."

"A'a. Ƙanina ne, ni zan ɗinka." Kotone ta share hanci. "Ke dai ki nuna mini yadda ba zai sake tsinkewa ba."

Ta nuna mata. Ɗinkin ya sake fitowa a karkace, amma da ƙarfinsa.

Ranar Juma'a da sassafe suka cire na yarinyar, suka ɗaura na Kotone tare. Motar birni ta tsaya a bakin gada. Mamar Kotone ta leƙo ta taga, ta gani. Ta dafa ƙirjinta, ta yi murmushi.

Bayan mako biyu Shinpei ya dawo gida, yana ta neman kankana.

Daga ranar yarinyar ta gane abu ɗaya. Kishi yana sa mutum ya ga abin da aka ba wani, ya kasa ganin dalilin da ya sa aka ba shi. In ka ji shi yana taso maka, ka tambaya tukuna kafin ka miƙa hannu.