Kujera ta Biyu a Shagon Baba

Magariba ta kawo jiki, Yaya tana tsakar gida tana kwashe shanya, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya biyo baya, ya gangaro har gaban ƙafarta. Guntun katako ne mai sabon yanka, yana ƙamshi kamar yanzu zarto ya rabu da shi. Ta daɗe tana jujjuya shi a hannu. Mutum ɗaya ne ke yanka katako a gidan nan, shi kuwa an kai shi makwancinsa watanni da suka wuce.

Baba kafinta ne, shagonsa yana bayan gida. Duk ƙofar da ke gidan aikin hannunsa ce, har gadon da aka haifi Yaya a kai, ita ce babbar 'yarsa. Mutum ne mai tsokana, jikokinsa ma sunan kayan aiki ya raɗa musu. Mai ƙaton kai ya zama Guduma, 'yar Yaya kuwa, da yake siririya ce, ya sa mata Ƙusa, sunan ya bi ta har ta zama budurwa. Yana da wata ɗabi'a da aka daɗe ana yi masa dariya a kai. In rana ta faɗi zai share garin katako, ya jera kujeru biyu, ya zauna a ɗaya yana magana ƙasa-ƙasa. In an ce da wa yake hira, sai ya ce da wanda ba ya katse shi.

Da ciwo ya kama shi, Yaya ce ta yi jinyarsa a asibiti. Tabarma take shimfiɗawa gefen gadonsa, ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki. Ranar da ya cika ta nemi hawaye ta rasa, gajiya ta shanye su. Ta karɓi gaisuwa, ta sallami baƙi, ta koma aiki. Da ƙanenta ya ce ya samu mai sayen kayan shagon, ta ce masa ya yi yadda ya ga dama. Ranar da aka buɗe shagon aka fara kwashe kaya, ranar jifan ya fara.

Kullum magariba sai an yi. Daga jifa aka koma jin tari a shagon da ba kowa. Sannan wata yamma aka nemi Ƙusa aka rasa, aka same ta zaune a kujera ta biyu, ido a kafe kan wadda Baba ke zama. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Yarinyar da dama ba jiki gare ta ba, sai ga ta tana ƙarewa a gaban uwarta. Yaya ta gaji da jinya, amma tsoron sake binne wani nata ya fi gajiyar.

Ƙanenta ya ɗauko wani malami, dattijo mai sanyin murya. Malam ya zauna a ƙasan shagon a gaban Ƙusa, ya yi ta karatu yana tofawa a ruwa. Duhu ya fara shiga ta taga. Can jikin Ƙusa ya ɗauki rawa, bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito a hankali.

"Ina yake?"

"Wa kake nema, kai kuma wane ne?" in ji Malam.

"Maƙwabcinsa ne ni. Tun kafin a yi gidan nan nake wurin. Da ya zo ya yi mini sallama, ban taɓa cutar da nasa ba. Ya ce mini za a kai shi asibiti ya dawo. Na yi ta jira. Sai na ga ana fitar da kayansa."

Malam ya dubi Yaya, sannan ya ce, "Allah ya yi masa rasuwa."

Hawaye suka gangaro daga idon yarinyar, amma fuskar ba ta motsa ba.

"Kowa an gaya masa, ban da ni," in ji muryar. "To ku bar mini yarinyar nan. Dariyarsa gare ta."

Malam ya ce, "Ba za a bar maka ita ba. Ka ji tsoron Allah, amanar abokinka ce kake cutarwa."

Muryar ta ce, "To a gaya mini yadda ya tafi. Wadda ta riƙe shi ta faɗa. In na ji, zan ɗauki kujerata in bar gidan."

Yaya ta durƙusa, gwiwoyinta suna ciwo. Ba ta taɓa ba kowa labarin ba. Ta ce Baba ya rame har tana ɗaga shi ita kaɗai. Ta ce har ranar ƙarshe yana shafa ƙafar teburin asibiti yana cewa wanda ya haɗa shi bai iya aiki ba. Ta ce ya tambaya ko an ba Ƙusa kuɗin mota, ya yi salati, ya tafi hannunsa cikin nata.

"Shi ne," in ji muryar. "Kullum da ke yake rufe hira. Ya ce kowa in ya gaji wajen Yaya yake zuwa, ita ce ba ta da wajen zuwa. Ya ce abin da ke hana shi barci ke nan."

Malam ya yayyafa ruwan. Ƙusa ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Ƙanen Yaya ya fitar da kujera ta biyu waje, da gari ya waye ba a gan ta ba. Ƙusa ta ci abinci, ta yi barci har hantsi.

Da magariba ta sake yi, Yaya ta shiga shagon ta zauna a kujerar Baba tana sauraron rufi. Babu abin da ya faɗo. Ƙusa ta leƙo da kofin ruwa, ta tarar da uwarta ta kifa kai a kan teburin aikinsa tana kuka. Ta ajiye kofin, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ba ta katse ta ba.