Gidan Aro a Rayfield

Murjanatu na tsugune tana wanke kwanuka Gwaggo Talatu ta faɗo gidan, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ke, an gama magana! Masu gidan sun tafi Abuja, makulli yana hannuna. Magabatan Ashraf su zo can neman auren!"

Gwaggo girki take yi wa wasu masu hali a Rayfield. A ƙofar gidan masu halin Ashraf ke sauke Murjanatu tun haɗuwarsu a jami'a, don ranar farko kunya ta hana ta cewa a unguwar talakawa ta Congo-Russia take. Sai ta yi ta ɗaga masa hannu har motarsa ta ɓace, sannan ta tari keke ta koma lungunsu. Ƙawa ma ba ta da ita. Wa za ta gayyata, kuma wane gida?

Mahaifinta, Malam Salisu tela, yana gefe yana zura zare a allura. Bai ɗago ba.

"Ba komai, uwata. Ranar sai in zauna a shago. Baffanki Mustapha ya fi ni kama da masu irin gidan, shi ya karɓe su."

Da ma faɗa ya yi mata! Ta shige ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Ita Ashraf ke so, ko yarinyar da ta ƙirƙiro? Ita kanta ba ta san wacce ce ita ba.

Washegari da Ashraf ya ɗauko ta, ta nuna masa wata hanyar, har bakin lungun da mota ba ta shiga.

"Nan ne gidanmu. Mai keken ɗinkin can shi ne Babana."

"Murja, are you serious? Duk tsawon lokacin nan?"

"Na san sorry ba ta isa ba."

Ya juya motarsa ya tafi. Hajiyarsa ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da maƙaryaciya ba. Gwaggo ta daina amsa gaisuwarta, sai dai ta ce, "Kin zubar da arzikinki da hannunki!"

Damina ta zo ta wuce, waya shiru. Murjanatu ta koma shagon Baba tana sa maɓalli, kewa na cin ta, amma ba ta ƙara sunkuyar da kai don wani ya wuce ba.

Wata Asabar da hantsi sai ga dattawa biyu a lungun, sun tattare manyan rigunansu saboda kwata, suna tambayar yara gidan Malam Salisu tela. Ashraf ne ya turo su, bayan ya sha fama da Hajiya.

Wanda ya tsaya a inda Allah ya ajiye shi ya yi haƙuri, masu sonsa don Allah a nan za su same shi.

Baba ya shimfiɗa tabarma da kansa. Babba a cikin dattawan ya tambaya wane ne waliyyin yarinyar.

"Ni ne ubanta," in ji Baba.