An Kwance Jak a Garejin 'Yan'uwa

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda: bodin wata tsohuwar mota ya danne babban bakanike a garejinsa.

Sufeto ya iso da kofur ɗinsa, ya tarar an riga an zaro gawar. Motar ta mahaifin mamacin ce, mamacin da ƙaninsa suke raya ta. Siraran farantai na ƙarfe sun watse a ƙasa.

"Waɗannan fa?" Sufeto ya tambayi mai fentin garejin.

"Su ake cusawa tsakanin bodi da shasi, ƙarfen da bodin ke zama a kai, yallaɓai, har bodin ya zauna daidai, ƙofofi su rufu ba gardama."

"Mutum ɗaya yana iya wannan aikin?"

"Ina! Ɗaya na ƙasa yana cusawa, ɗaya na sama yana ɗaga jak, yana gwada ƙofa."

"Kai ne na saman?"

"Ni da na shafa wa ƙofar fentin farko na wuce shan shayi. Tambayi mai shayin, har gardamar ƙwallo muka yi."

Kofur ya je ya dawo, ya ce haka ne.

Ƙanin mamacin yana zaune a kan tsohuwar taya, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kana ina abin ya faru?"

"Kasuwa na je sayen kusoshi. Dawowa na yi na tarar da Yaya a haka. Jak ɗin nan ya daɗe yana sulalewa."

"Ina kusoshin?"

"Ban samu ba."

Sufeto ya sa aka ɗaga bodin da jak ɗin, ya naɗe hannu yana kallo. Jak ɗin ko motsi bai yi ba. Sai da Sufeto ya murɗa makunninsa sannan bodin ya sauka.

"Lafiyarsa lau," in ji shi. "Kwance shi aka yi. Kuma daga inda marigayi yake, hannunsa ba ya kaiwa nan."

Ya zagaya wajen ƙofar direba, ya duƙa. A jikin ɗanyen fentin akwai sawun tafin hannu, ƙaramin yatsa guntu.

"Buɗe hannunka," ya ce wa ƙanin.

Ƙanin ya ƙara dunƙule shi. Kofur ya kama ya buɗe. An goge tafin da fetur, amma ɓurɓushin fentin yana nan a ƙarƙashin farce, ga ƙaramin yatsa da injin yanka ya taɓa gutsirewa.

"Kasuwar taka a jikin ƙofa take?" Sufeto ya ce. "Ramin ƙarya ƙurarre ne, malam. Faɗa min da bakinka."

Ƙanin ya daɗe yana kallon motar.

"Tun muna yara ni ke riƙe masa jak, shi ake kira gwani. Yau na ce masa bayan motar ya karkace, a ƙara faranti. Ya yi dariya daga ƙasa, ya ce ko Baba ya san ba ni da ido, riƙon jak kawai na iya. Tsorata shi na so in yi, yallaɓai. Kaɗan na murɗa."

"Ka sake ɗagawa?"

Ƙanin ya kawar da kai.

"Na ce ka sake ɗagawa?"

"A'a. Tsayawa na yi."

Kofur ya saka masa ankwa. A bakin garejin suka yi kiciɓis da matar mamacin, ta shigo a guje, gyale a hannu. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskarsa.

"Kai ne?"

Ya sunkuyar da kai. Sufeto ya buɗe masa ƙofar motar 'yan sanda, ya ce, "Shiga."