Mai Ƙamshin Kanumfari

Auta na zaune a bakin gado, ta jera kwalaben turare a gabanta, ta rasa wanda za ta ɗauka. Tun da ta fara aiki a shagon ɗinki turare ɗaya take sawa, mai ƙamshin icen sandal da ɗan yajin kanumfari da kirfa, irin wanda ke zama a ɗaki bayan mai shi ta fita. Shi ya sa Injiniya, saurayinta mai gyaran wuta, ya fara waiwayarta ranar da ya zo ɗaura musu fanka. Yanzu kuma turaren ne ke neman raba su.

Yayarsa, wadda kowa ke kira Anti, ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma sayar da turare ne sana'arta. Ranar da Auta ta je gaishe ta, Anti ba ta gama amsawa ba ta ja hanci ta yamutsa fuska.

"Na tsufa a sana'ar nan," ta ce wa ƙanenta a gaban Auta. "Mace mai sanyin hali turaren fure take nema. Mai son irin wannan kuwa ba a juya ta, ita ke juya gida. Ban raine ka don a mayar min da kai mijin-ta-ce ba."

Mama ta leƙo ɗakin ta ga 'yarta na share hawaye. "Ki canza mana, 'yar nan. Kwalba ce za ta hana ki aure?"

"To Mama, in na canza, halin ma ya canza ke nan? Ni ban ma san ko ina da taurin kan ba."

"Kina da shi tun kina goye," in ji Mama, ta yi gaba tana dariya.

Auta ta koma sa turaren fure. Da Injiniya ya zo da yamma sai ya tsaya yana kallonta. "Yau kamar wurin wata na zo zance." Da suka sake zuwa gidan Anti, ta shaƙa ta taɓe baki. "Ka gani ko? Har ɓoye hali ta iya."

Abin ya ɗaure wa Auta kai. Ta sa, laifi. Ta bari, laifi. Sai ta kame bakinta, duk abin da aka ce mata sai "to". Har Injiniya ya tambaye ta ko ta daina son sa ne.

"Sori," ta ce, "ni kaina na kasa gane kaina."

Ana cikin haka Injiniya ya faɗo daga tsani a wurin aiki, ya karye a cinya. Ƙashi ya haɗe, amma zuciyarsa ta karaya. Likita ya ce sai ya riƙa takawa, shi kuwa ya juya wa bango fuska. Anti tana gefe tana masa fifita tana kuka, ko filo ba ta bari ya ɗaga.

"Auta, ki je ki auri mai ƙafa," ya ce mata wata rana. "Na yafe miki."

Ta dube shi, "to" ɗin nan ya zo mata har baki ya maƙale. Ta ɗauko sandunan dogarawarsa da aka jingine a bayan ƙofa.

"Ba inda za ni. Tashi. Yau sai ka taka har bakin taga."

"Ke, ba kya ganin zafi yake ji?" in ji Anti.

"Ina gani. Anti, don Allah ki fita ki sha iska."

Anti ta tsinci kanta a baranda da mafici a hannu, ta rasa yadda aka yi ta fito. Daga ciki tana jin nishinsa, da muryar Auta tana cewa, "Saura kaɗan, ƙara ɗaya."

Haka aka yi ta yi kullum, yana fushi tana shanyewa, Anti na harara tana gaishe ta har ƙasa. Ranar da ya tako da ƙafarsa har baranda ba sanda, Anti ta zauna daɓas a kan benci. Ta kamo hannun Auta.

"Na ce kina da taurin kai, kuma ban yi ƙarya ba. Ni da na raine shi, da tausayina na kusa gurgunta shi. Ki gaya wa mamanki muna tafe."

Haƙuri ya yi wa Auta rana. Sai dai ta gane haƙuri ba ya nufin mutum ya kashe halin da Allah ya ba shi. Ya dai san inda zai ajiye shi. Mai hukunta mutum daga nesa kuwa, rabin gaskiya yake riƙe da ita.