Hannun Hagun Yaya Lawali

Ban gama cire safar hannuna ba na ji dariyar Sumana tana fitowa daga wayar Zeinabou.

Na san dariyar nan ko cikin mutum dubu. Saura sati shida a ɗaura min aure da mai ita.

Zeinabou abokiyar aikina ce a kilinik ɗin da muke gasa wa marasa lafiya jiki. Tana ganina ta kife wayar a cinyarta, kuma abin da ya sa na miƙa hannu ke nan.

"Hasiya, bari sai kin ci abinci..."

"Ba ni."

Falonmu na unguwar Bobiel na fara gani a bidiyon. Tabarmarmu, labulen Inna mai ruwan ƙasa, sai yayana Lawali zaune gaban tele, manet ɗin wasa, abin dannawar nan mai maɓallai, a kan gwiwarsa. Hannun hagu kaɗai yake dannawa, na daman yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya ɗan fito da harshe, yadda yake yi tun muna yara in ya mai da hankali. A cikin tele ɗan wasan ya yi tsalle ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Duk faɗuwa an ɗora mata kukan jaki.

A gefen hoton kuma ga Sumana, ya jingina da kujera yana share hawayen dariya.

"Jama'a, ku gani da idonku," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Na bakwai ba wasa ba ne, gidan likita ne. Mata da masu hannu ɗaya aka yi wa shi."

Na ruga bayan gida na amayar da kokon safe.

Ni na ɗauki bidiyon nan. Ni na tura masa, shi kaɗai, ranar da Yaya Lawali ya fara taɓa manet bayan shekara biyu. A ƙasa na rubuta masa: ka taya ni godiya ga Allah.

Wasan yana da dogon suna na Faransanci, amma a Yamai kowa Mai Tsalle yake ce masa. Wani saurayi ne yake gudu a jikin bango, ya kama sanda ya juya, ya dira kan rufin da bai fi tafin hannu ba. Kashi bakwai aka yi cikin shekara ashirin da wani abu, kuma masoyansa ba su taɓa shiri a kan ko ɗaya ba. Akwai masu rantsuwa da na biyu, don in ƙafarka ta zame sau ɗaya sai ka koma farko. Akwai 'yan na uku, irina, saboda igiyoyin da aka ƙara. Na biyar kowa ya tofa masa yawu, an cika shi da takubba har aka manta tsallen. Magidanta masu 'ya'ya huɗu za ka gani suna zagin juna a intanet a kan wannan.

Yaya Lawali ne ya koya min, ina 'yar shekara tara. Shi ne gwanin unguwarmu kafin wata mota ta kwashe shi a kan moto, wato babur, jijiyar kafaɗarsa ta tsinke. Daga nan ko sunan wasan ba ya son ji.

Sai na bakwai ya fito. An sa masa wani tsari da mutum zai rage saurin komai, ya tattara maɓallan a gefe guda. Masoya suka yi ca, wai an lalata wasan, an mai da shi na jarirai. Ni kuwa na sayo shi na ajiye gaban yayana. Kwana tara yana wuce shi. Ranar ta goma na dawo daga aiki na tarar da shi yana faɗuwa yana sakewa.

Sumana ya san duk wannan.

A sal ɗinsa na unguwar Kirkissoye muka haɗu shekara huɗu baya, shagon da samari ke zuwa wasan tele. Na je gyaran manet, na ji yana cika baki cewa na biyu ne sarki, na tanka masa. Muka yi awa guda muna musu, ya rasa Hausa ya koma Zabarmanci, na rama da Faransanci. Da zan tafi ya ce bai taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba. Tun daga nan nake Hasiyarsa.

Inna ta ƙi shi shekara biyu cur. Ta ce ba za ta ba da 'yarta ga ƙaton da sana'arsa wasan yara ba. Na yi kuka, na daina cin abinci, na kai ƙara wurin kawunnaina. Yaya Lawali ne ya tsaya mana har ta sauko. Baliz ɗin aure, wato akwatin lefe, ya iso gidanmu sati uku kafin ranar nan.

Na nemi izini a wurin aiki, na tari taksi na haye gada zuwa Kirkissoye da tsakar rana.

Sal ɗin cike yake. Balkissa na zaune kusa da kujerarsa da waya biyu a hannu. 'Yar unguwarsu ce, ita ke kula masa da shafin da yake hira da masoyan wasan kai tsaye, kuma tun ranar da aka sa mana rana ba ta ƙara gaishe ni da sunana ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce amarya ta zo taya murna ne, don mutum dubu arba'in sun kalla tun jiya.

Sumana ya miƙe da sauri ya sallami kowa, har ita. Ya rufe ƙofa rabi.

Ya rantse min bai san za a saka ba. Wai Balkissa ce ta ɗauke bidiyon daga wayarsa, ta ɗora kukan jakin, ta jefo shi ana tsakiyar hira. Shi ma a nan ya fara gani.

Na yarda da shi. Na san halinta.

"Dariyar fa?" na ce. "Ita ta zuba maka a baki?"

"Hasiyata... mutane na kallo. In na ɓata rai sai su ce..."

"Su ce me?"

Ya kama gefen mayafina, na janye. A lokacin ne idona ya faɗa kan ƙaramar telen da ke bayan kantarsa, wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Na bakwai ne a kai, an tsayar da shi a hasumiyar ƙarshe. Wurin da Yaya Lawali bai ko kusanta ba.

Na tambaye shi wa ke bugawa.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ne. Karo na uku ke nan yana gama shi. Ya ce a gaskiya tun na biyu ba a yi wanda ya kai shi daɗi ba, tsallen cikinsa kamar ruwa yake gudu.

"To ka faɗa musu haka."

"Za su cinye ni ɗanye, Hasiya. Don ina zagin na bakwai suke bina."

Na tsaya ina kallon shi. Da a ce da gaske ya tsani wasan, wataƙila da na sami inda zan ajiye abin a zuciyata. Amma yana son shi. Yana ɓuya ya buga, sannan ya fito ya sa hannun yayana a faranti don mutanen da bai taɓa gani ba su tafa masa. Turaren da nake so a jikinsa ya hau min kai, na fita.

A gida na tarar da manet ɗin a saman kabad, an naɗe wayarsa tsaf. Yaya Lawali ya riga ya gani, abokansa na da ne suka turo masa. Yana zaune a tsakar gida yana ƙoƙarin ɓare lemo da hannu ɗaya. Ya ce min kada in kuskura in fasa aurena saboda shi, ba yau aka fara yi masa dariya ba. Yana faɗa yana murmushi, kuma murmushin ya fi min kukan jakin ciwo.

Inna ce ta ba ni mamaki. Matar da ta yi shekara biyu tana ƙin Sumana ita ce yanzu ta ce in rufa mata asiri. An raba goro, dangi na Maradi sun ɗinka anko, me za ta ce wa mutane? An fasa aure saboda wasan tele?

Na ce ba saboda wasa ba ne. Ta ce duk ɗaya ne a kunnen jama'a.

Bayan kwana biyu Sumana ya zo da kawunsa. Ya durƙusa gaban Yaya Lawali, idonsa jawur, ya nemi gafara. Yaya ya ɗaga shi da hannun hagu ya ce ya wuce. Sumana ya yi alkawarin zai goge bidiyon, ya ba da haƙuri a gaban masu binsa. Daga bayan labule nake jin su, kuma wallahi zuciyata ta fara narkewa. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce.

Washegari da la'asar na zauna na kalli hirar tasa.

Ya goge bidiyon, gaskiya ne. Ya ce in akwai wanda raha ta ɓata wa rai, to ya yi haƙuri. Bai ambaci sunan yayana ba. Sai rubuce-rubuce suka fara zubowa, wai amarya ta murɗe masa kunne, wai ya koma ɗan na bakwai. Na ga idonsa yana bin su. Na ga lokacin da tsoro ya shige shi.

"A'a, a'a," ya ce yana ɗaga hannu. "Ra'ayina yana nan. Na bakwai shara ne, kuma kun san waɗanda aka yi wa shi."

Ya kashe musu ido ɗaya.

Na ajiye wayar a hankali. Ban yi kuka ba. Na tashi na wanke hannuna da sabulu, ban san dalili ba.

Zeinabou ta kira ni ta ce in yi tunani, abin da Balkissa ke nema ke nan tun farko, in na sake shi na miƙa mata shi a hannu. Na ce na sani. Balkissa ta ɗauke shi, ta fi ni sanin abin da yake ci.

Al'ada ita ce manya su mayar da kaya, amma kawunnaina suka ce a ƙara haƙuri, Inna ta shige ɗaka ta rufe. Ranar Asabar da hantsi na ja baliz ɗin da kaina. Yaya Lawali ya biyo ni har ƙofa yana kiran sunana, da ya ga fuskata sai ya kama ɗaya hannun jakar ya taya ni sa ta a taksi.

Inna Halimatou, mahaifiyar Sumana, tana tsince shinkafa na shiga. Matar nan ta so ni tun ranar farko, ita ta koya min gaisuwar Zabarmawa. Ta ga baliz, ta ga ni, ta ture tiren gefe.

Ta tambaya ko dukana ya yi. Na ce a'a. Ko wata mace ce? Na ce a'a. Na buɗe mata bidiyon da Zeinabou ta adana, na sa mata a hannu.

Ba ta san komai game da Mai Tsalle ba, ba ta ma tambaya ba. Ta kalli hannun da ke kwance a cinya, ta kalli ɗanta. Kafin ya ƙare ta miƙo min wayar ta juya fuskarta ga bango.

"Wannan yaron ne ya roƙa masa aurenki?"

"Shi ne, Inna."

Sumana yana sal, taku kaɗan daga gidan, kira ɗaya zai kawo shi. Ba ta aika a kira shi ba. Ta tashi ta ja baliz ɗin zuwa ɗakinta, ta dawo ta yafa mayafi, ta riƙe hannuna har bakin titi. Ita ta tsayar da taksi da kanta.

"Ki yafe min, 'yata," ta ce. "Ni na haife shi."

Sai da motar ta tashi kukan ya zo, irin mai fitowa daga ciki, ban iya tare shi ba. Direban, wani dattijo mai farin gemu, ya yi ta dubana ta madubi har muka hau gada. Ya tambaya a hankali ko rasuwa aka yi min.

Na ce a'a, Baba, kayan aure na mayar.

Ya miƙa hannu ya kashe rediyo.